Man mota daga tuƙar rake: yadda ake yin sa, da inda zancen ya shafi karan Damargu

Duk wanda ya bi tashar Tanut ko kasuwar Bakin Birji lokacin sanyi ya san yadda tuƙar rake ke zube ko'ina. A sayi gaɓa biyu, a fere, a tauna, a tsotse ruwan, a tofar. Awaki su tsinci abin da suka iya, iska ta kwashe sauran. To, irin wannan tuƙar ce wasu ƙasashe ke mayarwa man mota. Sunan man biyo-etanol, kuma abin da ke yin babban aikin wasu sinadarai ne da ake kira anzim.

Zancen ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, matatar man ƙasar nan, SORAZ, a gundumar Tanut take, cikin ƙaramar hukumar Olelewa, saboda haka duk maganar da ta taɓa man mota ta taɓa Damargu. Ta biyu, dabarar da ke narkar da tuƙar rake ita ce dai ke iya narkar da karan gero da na dawa. Rake ba mu noma shi a nan, amma kara muna da shi, kuma kowa ya san abin da yake yi mana da rani. Shi ya sa ya kamata manomi da makiyayi su san yadda abin yake tun kafin wani ya zo musu da takardar wani shiri.

Mene ne biyo-etanol?

Etanol ruwa ne fari tas, mai saurin kama wuta. Shi ne alkol ɗin da ake goge fata da shi a likita kafin a yi allura. Idan daga tsiro aka samo shi, kamar rake, masara ko rogo, sai a kira shi biyo-etanol. Ana garwaya shi da esansi a zuba wa mota. Idan kun ga an rubuta E10, ma'anarsa kashi 10 cikin 100 etanol ne, kashi 90 esansi. Ƙarfinsa bai kai na esansi ba: lita guda ta etanol tana ba da wajen kashi biyu bisa uku na ƙarfin lita guda ta esansi. Amurka ce ta fi kowace ƙasa yin sa, daga masara, sai Barazil, daga rake.

Akwai tambayar da kowa zai yi, gara a amsa ta tun yanzu. E, wannan sinadarin shi ne ke sa maye a cikin giya. Saboda haka wanda aka yi don mota ko murhu ana gurɓata shi tun a masana'anta, a zuba masa esansi ko wani abu mai ɗacin gaske yadda ba ya shayuwa. Hukuncin yin sa da sayar da shi a addinance, wannan na malamai ne, su za a tambaya. Abin da za mu iya faɗa shi ne, ƙasar Sudan ta buɗe masana'antarsa a kamfanin sukari na Kenana tun 2009, don man mota.

Masana sun kasa shi gida biyu. Na zubin farko ana yin sa daga sukari ko gari, wato daga abin da mutum ke iya ci. Na zubi na biyu ana yin sa daga abin da mutum ba ya ci: tuƙa, kara, ciyawa, ɓuntun shinkafa, garin katako. Wannan na biyun shi ne zancenmu.

Abin da ke saura idan an matse rake

Masana'antar sukari tana barin abubuwa uku masu yawa. Akwai ganye da kan rake da ake bari a gona. Akwai wani ruwa baƙi mai kauri kamar zuma wanda ke saura bayan an cire sukari, ana ce masa melas. Sai tuƙa, wadda injin matsa ke fitarwa.

Ton guda na rake, wato kilo 1000, yana ba da sukari wajen kilo 100 zuwa 120, melas kilo 30 zuwa 45, da tuƙa kilo 250 zuwa 300, wadda rabin nauyinta ruwa ne. Melas ba shi da wuyar aiki, don akwai sauran sukari a cikinsa. A tsinka shi da ruwa, a zuba yis, a jira, a tace. Ton guda na melas yana ba da etanol fiye da lita 200, kuma ba a bukatar anzim na musamman.

Tuƙa ce mai gardama. Idan ta bushe, wajen kashi 40 zuwa 45 cikin 100 nata wani abu ne da ake kira selulos, kashi 25 zuwa 30 hemiselulos, kashi 20 zuwa 25 kuma linyin. Selulos shi ne zaren da ke cikin kowane tsiro. Auduga kusan dukanta shi ne. Abin mamaki, selulos ɗin nan sukari ne zalla, ƙwayoyinsa dubbai a sarƙe da juna kamar carbi mai tsawo. Carbunan kuma sun manne da juna tam, hemiselulos ya naɗe su, linyin ya shafe su kamar yaɓe. Linyin ne ke sa ice tauri. Shi ya sa ko kwana za ka yi kana tauna tuƙa ba za ka ƙara jin zaƙi ba, alhali sukarin na nan a kulle. Yis ma ba ya iya cin sa a haka. Dole sai an tsinka carbin ƙwaya-ƙwaya, kuma nan ne anzim ke shigowa.

Mene ne anzim?

Anzim sinadari ne da jikin mai rai ke yi don ya gaggauta wani aiki, kamar narkar da abinci. Kowane anzim da aikinsa, kamar yadda kowane makulli ke da ƙofarsa. Kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ka daɗe kana tauna burodi ko tuwo ba miya, za ka ji ya fara zaƙi: anzim ɗin da ke cikin miyau ne ke mai da gari sukari. Matan da ke zuba tsiron dawa ko na gero a kunun zaƙi, su ma anzim ɗin tsiron suke sa wa aiki.

Wanda ke tsinka selulos sunansa selulas. Jikin mutum ba ya yin sa. Saniya da raƙumi da akuya kuwa suna rayuwa da kara da ciyawa saboda tumbinsu cike yake da ƙananan halittu masu yin wannan anzim. Gara ma da irinsa take cinye darni da azara. Ashe ke nan duk mai dabba a Damargu yana da ƙaramar masana'antar narkar da kara ɗaure a turke.

Na masana'anta kuma daga wata fumfuna ake samun sa, mai suna Trichoderma reesei. Labarinta ya faro ne a yaƙin duniya na biyu, lokacin da sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon suka ga tantunansu da kayan sawarsu na auduga suna ruɓewa da sauri. Aka kai fumfunar ɗakin binciken soja da ke Natick a jihar Massachusetts, inda masu bincike biyu, Elwyn Reese da Mary Mandels, suka shafe shekaru suna nazarinta. Da farko so ake a hana ta cin tufafi, daga baya aka gane ƙarfin nata abin amfani ne. Yau ana kiwon jikokinta cikin manyan tankuna, a tace ruwan anzim ɗin a sayar. Babban mai sayar da shi a duniya shi ne kamfanin Novozymes na ƙasar Denmark, wanda ya haɗe da wani a 2024 suka koma Novonesis.

Selulas ba guda ba ne, gayya ce ta ma'aikata uku. Na farko yana yanka carbin daga tsakiya. Na biyu yana kama bakin da aka yanka, yana ciro ƙwayoyi biyu-biyu. Na uku yana raba biyun zuwa ɗai-ɗai. Ƙwayar da ta fita ita kaɗai ita ce gulukos, sukarin da yis ke so.

Matakan aikin a masana'anta

Mataki na farko, tarawa da tsabtacewa. Ana cire yashi da duwatsu, a daddatse tuƙar. Wannan ya yi kama da ƙaramin aiki, amma yashi ya lalata injuna a masana'antu da dama, musamman waɗanda ke kwaso ganye da kara daga ƙasa a gona.

Na biyu, fasa yaɓen. Anzim ba ya iya kaiwa ga selulos muddin linyin na rufe da shi. Ana zuba tuƙar cikin tukunyar ƙarfe rufaffiya, a tura mata tururi mai zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200, a jima kaɗan, sai a buɗe farat ɗaya. Zaren sai ya tarwatse. Wasu suna ƙara ruwan asid kaɗan, wasu kuma sinadari ɗan gidan kanwa. Uwar gida da ke jefa kanwa a wake don ya yi saurin nuna ta san wannan dabarar. Matsalar ita ce, idan zafin ya yi yawa, wani ɓangare na sukarin yana ƙonewa ya koma gubar da ke hana yis aiki. Idan kuma ya yi kaɗan, yaɓen ba ya fashewa.

Na uku, aikin anzim. Ana huce dagargazajjiyar tuƙar zuwa wajen digiri 50, a zuba anzim, a riƙa motsawa kwana biyu zuwa uku. Abin da ya shiga da kauri kamar tuwo sai ya tsinke ya koma kamar kunu, ruwansa cike da sukari. Wannan matakin na cikin masu cin kuɗi, don anzim na da tsada, kuma zafi na kashe shi, dole a ajiye shi a wuri mai sanyi.

Na huɗu, tsimawa. Ana zuba yis, dangin wanda masu burodi ke sawa, a zafin da bai wuce digiri 30 zuwa 33 ba. Yis ya ci sukari ya fitar da etanol da iska. A lissafin masana, giram 100 na gulukos ba ya iya ba da etanol fiye da giram 51. Sauran iska ce. A nan ma akwai ƙulli: sukarin da ke fita daga hemiselulos wani iri ne daban, yis na burodi ba ya cin sa. Sai da aka sauya halittar yis ɗin a ɗakin bincike kafin ya iya.

Na biyar, turarawa. Abin da ya fito daga tankin tsimawa ruwa ne mafi yawansa. Etanol yana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, saboda haka idan an dafa, tururin etanol ke fara tashi, a kama shi a sanyaya. Da wannan ana kaiwa wajen kashi 95 cikin 100. Ragowar ruwan sai an bi da shi ta wata matsotsa ta musamman, don etanol mai ruwa ba ya zama lafiya da esansi.

Linyin ɗin da ya saura ana ƙona shi ya ba da tururi da lantarki. Akwai kuma ruwan dauɗa mai yawa, fiye da lita 10 a kan kowace litar etanol, wanda a Barazil ake kaiwa gonakin rake a matsayin taki. Idan komai ya tafi daidai, ton guda na busasshiyar tuƙa yana ba da etanol tsakanin lita 200 da 300.

Inda aka gwada: waɗanda suka tsaya da waɗanda suka faɗi

Barazil ta shiga harkar etanol gadan-gadan bayan tashin farashin mai na 1973. A watan Nuwamba 1975 gwamnati ta ƙaddamar da shirin Proálcool, a 1979 aka fara sayar da mota mai tafiya da etanol zalla, a 2003 kuma aka fito da motocin da ke shan esansi ko etanol, duk wanda mai mota ya ga dama. Yau esansin da ake sayarwa a gidajen man ƙasar fiye da rubu'insa etanol ne. Amma kusan duk wannan na zubin farko ne.

Na tuƙa da anzim sai a 2014 ya fito daga ɗakin gwaji. Kamfanin GranBio ya buɗe masana'anta a São Miguel dos Campos, jihar Alagoas. Kamfanin Raízen ya gina tasa a Piracicaba, jihar São Paulo, jikin masana'antar sukarinsa. Dukansu sun sha wahala a shekarun farko, ba su kai ko kusa da abin da aka tsara ba. Raízen ya daure, har a watan Mayu 2024 ya buɗe wata babba a Guariba mai iya yin lita miliyan 82 a shekara.

A wasu wuraren labarin bai yi daɗi ba. A Amurka an buɗe manya uku masu aiki da karan masara tsakanin 2014 da 2015. Ta kamfanin Abengoa a jihar Kansas ta tsaya a 2015, ta DuPont a jihar Iowa ta rufe a 2017, ta POET-DSM ita ma ta daina a 2019. A Romaniya kamfanin Clariant ya fara aiki da karan alkama a 2022, ya rufe a ƙarshen 2023. Waɗannan duk kamfanoni ne masu kuɗi da ƙwararru. Abin da ya kayar da su kusan iri ɗaya ne: tsadar tattaro kara daga dubban gonaki, datti da ke toshe injuna, tsadar anzim, da arhar esansi a lokacin.

Indiya ta shigo da nata dalili. Manoman arewacin ƙasar suna ƙona karan shinkafa bayan girbi, hayaƙin ya turnuƙe birnin Delhi. A watan Agusta 2022 aka buɗe masana'antar etanol daga wannan karan a Panipat. Can karan damuwa ce da ake neman yadda za a rabu da ita.

Idan aka duba waɗannan duka, dabarar ta fi tsayawa da ƙafarta a inda sharar ke tsibe a bakin ƙofar masana'anta, an riga an biya kuɗin ɗaukarta, tururi da lantarki da tankuna suna nan. Ko a can ɗin ma tuƙa na da mai ita, don masana'antun sukari da ita suke hura tukunyarsu, wasu har su sayar da rarar lantarki.

A Afirka da makwabta

A nahiyarmu etanol ɗin da ake yi daga rake na melas ne ko na ruwan rake. Zimbabuwe ta fara a Triangle a 1980, Malawi a Dwangwa a 1982. Ta Kenana a Sudan an gina ta da injunan Barazil, da ƙarfin lita miliyan 65 a shekara. A Mali masana'antun sukari na Dugabugu da Siribala suna tace alkol daga melas. A Habasha an raba wa 'yan gudun hijira murhun etanol a sansanin Kebribeyah don rage shiga daji neman ice.

Akwai kuma darasin Saliyo. Kamfanin Addax ya karɓi hayar dubban hektoci kusa da Makeni don noman raken etanol, ya fara tacewa a 2014, a 2016 ya sayar da aikin. Mutanen ƙauyukan da suka ba da gonakinsu sun daɗe suna kuka kan ƙasa da ruwa.

Najeriya ta fitar da manufar E10 tun 2007, amma har yau bai zama man da ake samu a gidajen mai ba. Tana da masana'antun sukari, kamar Savannah da ke Numan a jihar Adamawa da Sunti da aka buɗe a jihar Neja a 2018. A ƙasar Zazzau kuwa, wajen Makarfi, masu mazarƙwaila sun daɗe da sanin darajar tuƙa: shanya ta suke yi, su hura wutar dafa ruwan raken da ita.

Rake da mai a jihar Damagaram

Raken da muke sha a Tanut da Balbeji daga kudu yake zuwa, daga fadamun Korama na wajen Kance, Matamaye, Magarya da Mirya, inda ruwa ke kusa. Rake na bukatar ruwan da ya kai milimita 1500 ko fiye a shekara, nan Damargu kuwa damina mai kyau ce ke kawo mana 300 da wani abu. Kuma raken ƙasar nan na sha ne. Sukarin da muke zuba wa shayi daga waje ake shigo da shi. Tuƙarmu ba ta taruwa wuri guda, a warwatse take a tashoshi da kasuwanni, baki-baki.

Ga wani lissafi don a ga girman abin. SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011, an gina ta ne don tace ganga 20,000 na ɗanyen man Agadem a rana. Ganga guda lita 159 ce, wato sama da lita miliyan 3 ke nan a rana, waɗanda ake fitar da esansi da gazuwal da gaz daga cikinsu. Lita miliyan 82 da masana'antar Guariba ke iya yi a shekara daidai take da ɗanyen man da SORAZ ke iya haɗiyewa cikin kwana 26. Etanol ɗin tuƙa ƙari ne a kan esansi, bai kai ya maye gurbinsa ba.

Duk da haka ƙarin ba abin rainawa ba ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023, man da ke tsallako iyaka ya ragu, nauyi ya koma kan SORAZ, kuma kowa na tune da layukan gidajen mai na watan Maris 2025. A irin wannan hali dole mutane su tambaya ko akwai abin da za a ƙara.

Karanmu ba shara ba ne

Abin da Damargu ke da shi mai kama da tuƙa shi ne karan gero da na dawa. Selulos ɗinsu anzim zai ci shi sarai. Amma bari mu ƙaddara. Masana'anta mai girman ta Guariba, idan ton guda na ba da lita 250, tana bukatar busasshen kara wajen ton 330,000 a shekara. Idan hekta guda ta gero ta ba da ton ɗaya da rabi, ana maganar karan hekta 220,000 ke nan, a share shi ƙaf, kowace shekara, har da shekarar fari. Kara kuma ba shi da nauyi sai cika wuri. Kamiyo ya cika maƙil da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ga nisa, ga yashi. Sai kuma ruwa mai yawa da aikin ke sha, a ƙasar da rijiyoyinta suka yi suna wajen zurfi.

Ko da an warware duk wannan, karan na da masu shi. Shi ne abincin shanu da tumaki daga watan Maris har faɗuwar ruwa, lokacin da damin kara ke zama kuɗi a kasuwa. Shi ne darni, shi ne rufin rumbu da rumfa, shi ne makamashin gidan da ba ice ba gaz. Tokarsa ma mata na tacewa don miya. Wanda aka bari kwance a gona yana tare iska, yana kama ƙurar da ke tafe da taki, gara ta ja shi ƙasa ya zama abincin gona. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna gonar da aka bar wa kara ta fi riƙe ƙasarta, ta fi ba da gero, a kan wadda aka share. Akwai kuma tsohuwar al'adar nan ta sakin gonaki bayan girbi, dabbobin makiyaya su ci kara su bar taki. Kwashe kara da wuri ya riga ya zama sanadin rigima tsakanin manoma da makiyaya a wurare da yawa. Idan wani babban mai saye ya shigo, tumakin talaka ne za su fara ji a jikinsu.

Tsiron da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne takanɗa. Dawa ce mai zaƙin kara, ta saba da ƙasarmu, wata huɗu ta isa, ruwan da take sha bai kai na rake ba ko kusa. Ruwanta ana tsima shi kai tsaye ba anzim, tsabarta a ci, tuƙarta a ba dabbobi. An gwada ta a Indiya wajajen 2007 tare da ICRISAT, aka ci karo da matsala biyu: ruwanta na lalacewa idan ba a matse ba cikin kwana ɗaya ko biyu da yanka, kuma lokacin girbinta gajere ne, injin sai ya zauna banza mafi yawan shekara. Wannan aiki ne da ya dace da masu bincike na INRAN da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, a ƙaramin gwaji, kafin a yi maganar masana'anta.

Abin da za a tambaya, da abin da za a kiyaye

Idan wata rana wani shiri ya zo neman kara ko gona don etanol, ga tambayoyin da sarakuna, 'yan majalisar ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin manoma da makiyaya ya kamata su yi. Ton nawa ake bukata a shekara, daga gonakin wa? Nawa za a bari a gona? Shekarar fari wa za a fara ba, masana'anta ko dabbobi? Daga wace rijiya za a ɗebi ruwa, ina za a zubar da na dauɗa? Daga ina anzim zai riƙa zuwa, da wane kuɗi? A ina aka taɓa yin irin wannan ya yi shekara biyar yana aiki? Idan kamfani ya tafi, gona ta wa ce?

Sai hattara guda uku. Kada kowa ya ce zai tace etanol a gida da ganga da tiyo. Tururinsa na kama wuta nan take, kuma harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana. Kada a sha alkol na mota, na murhu ko na goge ciwo, don ana iya samun metanol a cikinsa, wanda ke makantarwa, yana kuma kisa. Masu kabu-kabu da masu injin ban-ruwa su sani cewa man da aka garwaya da etanol yana jan ruwa idan ya daɗe a buɗe, yana kuma cin tsofaffin tiyon roba, saboda haka ba irin wanda ake jerawa cikin kwalabe a rana ba ne.

Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman manoman takanɗa da masu sayar da kara a kasuwannin Tanut, Gangara da Balbeji, ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya bar mana dabbobinmu.